Ƙaramin majigi mai aiki da fawa bank: abin da na gani bayan zango guda a ajin ƙauye

Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe ta karatun NCE, ɓangaren ilimin firamare, kuma zangon da ya wuce na yi shi ne a wata makarantar firamare da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa, inda aka tura mu koyarwar gwaji mu uku. Kafin mu tafi sai muka yi karo-karo muka sayi ƙaramin majigi, irin wanda ake jona wa fawa bank, domin a aji an sha nanata mana cewa malamin wannan zamani ba zai dogara da alli da fatar baki kaɗai ba. Tun da muka dawo, ƙannenmu da za su fita bana suke tare ni suna tambaya ko su ma su saya. Amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaitsaye a ƙofar ɗakin lacca, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani da idona cikin makonni 12 da na yi ina koyar da aji huɗu mai yara 86 a rajista.

Majigin kansa yana zama a tafin hannu, nauyinsa kuma bai wuce na wayar hannu biyu ba. A cikin kwalin akwai rimot, da caja, da waya mai kawuna uku, ja da fari da rawaya, irin wadda ake haɗa talabijin da na'urar faifai da ita. A jikinsa akwai kafar filash, da ta memori, da ta HDMI, da ta abin sauraro na kunne, sai kuma zobe a bakin gilashin da ake murzawa don hoto ya washe. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin a shagunan da muka zaga a birnin Kano mun tarar da siffa ɗaya tak ana sayar da ita da sunaye iri-iri, launin robar kawai ke canzawa, saboda haka sunan da ke kan kwali ba zai gaya wa mai saye komai ba. Abin da muka kashe, idan aka haɗa da fawa bank da filash, ya kai kuɗin akuya matsakaiciya a kasuwar ƙauye, kuma ga ɗalibin da ke jiran ɗan abin da za a aiko masa daga gida wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Abin da ya sa muka zaɓe shi muka bar manyan shi ne wuta, kuma a nan ya cika alkawari. Makarantar ba ta da lantarki, babu janareta, babu sola. Majigin yana aiki da bolt 5, yana cin wuta kimanin wat 10. Fawa bank ɗinmu mai 20,000mAh ne, wanda idan aka lissafa da bolt 3.7 na batirin da ke cikinsa zai ba da wat-awa 74, wato awa 7 da ɗan ɗoriya na aiki a lissafin takarda. A aikace awa 4 da 'yan mintuna muke samu, saboda wani ɓangare na wutar yana salwanta wajen juya ta zuwa bolt 5, sannan batir ba kasafai yake cika adadin da aka rubuta a jikinsa ba. Duk da haka wannan ya ishe mu mu ukun har tsawon mako, mukan kai shi wurin mai cajin waya da sola a bakin kasuwa sau ɗaya ko sau biyu. Na lura dai haskensa ya fi ƙarfi idan aka jona shi da cajarsa ta bango fiye da fawa bank, kuma hasken nan shi ne babbar matsalarsa.

A kan kwalin an rubuta adadin haske mai yawan gaske, amma ranar farko da na kunna shi da ƙarfe goma na safe a ajin da tagoginsa ke buɗe, babu abin da ya fito a bango sai wani dishi-dishi da ko yaran layin gaba ba su iya gane mene ne ba. A shago mun gwada shi ne a lungu mai duhu, nesa da bango da bai fi kamu biyu ba, shi ya sa ya burge mu. Dole sai an rufe tagogi ruf. Biyu daga cikin tagogin ajin ba su da murafe, sai muka riƙa toshe su da tabarma da buhunan da aka farke, sannan muka sayi farin yadi muka riƙa rataya shi a kan allo da ƙusa, domin allon ajin bango ne da aka shafe da baƙin fenti, ba ya mayar da haske. Idan aka ajiye majigin kimanin mita 2 daga yadin, hoton yana fitowa da faɗin da bai wuce mita ɗaya da kaɗan ba, ana kuma iya ganinsa sosai. Idan aka ƙara ja da baya don ya girma, sai ya dushe. Wanda bai taɓa rufe yara sama da 70 a ɗaki mai rufin kwano ba silin a watan Oktoba ba, ba zai san ma'anar wannan ba: cikin minti 15 gumi ya jiƙa kowa, ƙananan sun fara mutsu-mutsu, iska ta yi nauyi. Saboda haka duk abin da za a nuna sai ya kasance bai wuce minti 10 ba, kuma da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi. Da farko na ɗauki wannan a matsayin cikas, daga baya na gane minti 10 ɗin ma shi ne iyakar abin da darasi ke buƙata.

Abu na biyu da mai saye ya kamata ya sani shi ne ƙarfin hoton. An rubuta 1080 da manyan lambobi a kwalin, amma ma'anarsa ita ce majigin yana karɓar bidiyo mai wannan girman, ba wai yana nuna shi a haka ba. A ƙananan rubutu na takardar da ke ciki aka bayyana ainihin abin da yake fitarwa, ɗigo 320 a kwance da 240 a tsaye. Ga hoton dabba ko na kogi wannan ba laifi. Ga rubutu kuwa masifa ce, musamman rubutun Hausa. Na shirya jimloli don darasin karatu, da na haska su sai lanƙwasar haruffa ta narke, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Yaron da ake so ya rarrabe ƙafa da kafa, ko ɗaki da daki, ko ɓata da bata, ba za a nuna masa rubutun da ya shafe wannan bambanci ba. Sai da na mayar da kowane shafi kalma uku ko huɗu da manyan haruffa ƙwarai kafin lanƙwasar ta fito, kuma a wannan girman alli ya fi sauri, ya fi fitowa, ba ya kuma buƙatar a rufe taga. Manhajar da ke cikinsa ta karanta rubutu ma ba ta san haruffan nan ba, akwatuna take nunawa a madadinsu, don haka duk rubutu sai an mayar da shi hoto tukuna.

Haɗa shi da waya kai tsaye bai yiwu ba, domin irin wayoyin da yawancinmu ke riƙewa ba sa fitar da hoto ta kafar caji, ko da an sayi wayar haɗi. Hanyar da ta yi aiki ita ce a sauke abin da ake so a inda ake da sabis mai ƙarfi, a tura wa juna ta Xender, a zuba a memori ko filash, a soka a majigin. Yana karanta hotuna da yawancin bidiyon MP4, amma ba ya buɗe PowerPoint ko PDF. Lasifikarsa ba ta wuce layi na uku, ƙarar fankarsa ma tana cinye rabin muryar. Wanda ke son sauti sai ya tanadi wata ƙaramar lasifika mai caji.

Duk da waɗannan, akwai ranar da na ce kuɗinmu ya fita, kuma ita ce ranar darasin kogi. Yaran ajin nan sun san Kogin Haɗeja fiye da ni. Suna wanka a gefensa, iyayensu na noman rani da ruwansa, kuma da yawansu suna tune da ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a yankin Ringim. Amma da na tambaye su daga ina ruwan yake zuwa kuma ina yake tafiya, amsa ɗaya ce: daga yamma yake, gabas ya nufa. Na riga na ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam daga Google Earth a wayata, guda 12, na jera su. Na fara da ƙauyensu, har suka gane rufin makarantar da filin ƙwallo da hanyar da ta nufi kasuwa, ajin kuwa ya kaure da ihu. Daga nan na riƙa ja da baya sannu a hankali, ƙauyen na ƙanƙancewa, kogin na fitowa kamar zare. Na nuna musu madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a 1974 a kan Kogin Kano, da yadda Kogin Kano ke haɗuwa da Kogin Challawa su zama ruwa ɗaya, ya bi ta Wudil, ya iso Ringim, ya wuce Haɗeja, ya bazu a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Jama'are, sannan abin da ya rage ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi.

Wata yarinya da ke zama a can baya, wadda tun zuwana ban taɓa jin muryarta ba sai a cikin amshi, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan ruwan da ya ci gonar babanmu yanzu yana Chadi?" Na ce mata kaɗan ne daga cikinsa ke kaiwa can, mafi yawansa yana nutsewa a ƙasa ko rana ta ɗauke shi a fadamu. Sai wani ya tambaya, idan rana ta ɗauke shi ina take kai shi. Darasin kewayawar ruwa, wanda a tsarina sai mako na gaba, a nan ya fara, kuma yaran ne suka buɗe shi da bakinsu. Na kashe majigin, muka buɗe tagogi, muka zuba ruwa a faranti muka ajiye a rana, muka sa alama da alli a inda ya tsaya, kafin a tashi suka je suka duba. Babu yadda zan zana wannan tafiya ta kogi a allo ta yi irin wannan tasiri, domin abin da ya kama su shi ne ganin rufin makarantarsu da Tafkin Chadi a kan yadi ɗaya. Haka ya yi amfani a darasin dare da rana, inda suka ga duniya tana juyawa, da ranar da na nuna musu teku, abin da babu ɗayansu da ya taɓa gani.

Sai dai kafin in kai ga wannan rana na yi kuskuren da nake jin duk sabon malami zai yi. A mako na biyu na saka musu bidiyon minti 8 a kan zuciya da gudanar jini, mai bayani da Turanci. Ajin da kullum sai na yi ta buga tebur kafin ya lafa, ranar ko tari babu mai yi. Na fita cike da farin ciki, har na rubuta a littafina cewa darasi ya yi nasara. Washegari na raba musu guntayen takardu na ce kowa ya faɗa ko ya zana abu ɗaya da zuciya ke yi. Yara 5 ne kawai suka kawo abin da ya yi kusa. Sauran abin da suka riƙe shi ne wani jan abu yana motsi. Wannan shirun da na ɗauka fahimta ce, ashe kallo ne zalla, irin wanda suke yi a gidan kallo. Na daɗe ina tunanin wannan, domin na gane cewa bai da bambanci da amshin da muke kuka da shi a kwaleji, inda malami zai faɗi jimla yara su maimaita da ƙarfi sau goma, mai wucewa ta bakin taga ya ce ana karatu, alhali in ka ware yaro ɗaya ka tambaye shi ba ya iya cewa komai. Amshi yana ɓoye rashin fahimta da hayaniya, majigi yana ɓoye shi da shiru, kuma na biyun ya fi haɗari saboda malami yana fita yana jin ya yi aiki irin na zamani.

Daga ranar na sauya hanya. Na daina barin muryar bidiyo, ni nake bayani da Hausa, ina kawo kalmar Turancin a inda manhajar karatu ta buƙata in rubuta ta a gefen allo. Kafin in kunna sai na ba su tambaya ɗaya da za su nemi amsarta a cikin abin da za su gani. Ba na barin hoto ya yi tafiyar minti ɗaya ban tsayar da shi ba, in tambayi me suka gani, me suke tsammanin zai biyo baya, kuma ina kiran suna ne, ban yarda da amsar taro ba. Maɓallin tsayarwa na rimot shi ne abin da ya fi komai amfani a cikin kwalin. A da, shekaru da yawa, manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru ukun farko, sannan a koma Turanci daga aji huɗu, amma yaron ƙauye ba ya wayar gari a aji huɗu da Turancin da zai bi bayanin mai magana da sauri daga wata ƙasa. Abubuwan koyarwa na Hausa kuwa sun yi ƙaranci. Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, yana da darussa har da na Hausa, kuma ya kamata kowane ɗalibin malanta ya leƙa shi. Amma yawancin abin da na nuna ni na haɗa shi da dare, daga hotunan da na ɗauka da wayata da waɗanda na sauke lokacin da na shiga gari, kuma darasin minti 10 yana iya cin awa biyu na shiri. Mai saye ya sa wannan lokaci a cikin kuɗin majigin.

Akwai kuma darussan da na shirya wa majigi daga baya na ga bai dace ba. Na sauke bidiyo mai kyau a kan rayuwar sauro, daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa mai fiffike. Da safe ina hanyar makaranta na ga wani fasasshen tulu a bayan wani gida, ruwan da ya kwanta a ciki cike da tsutsar sauro tana wutsil-wutsil. Na ɗebo a kwalba, na rufe bakinta da tsumma, na ajiye a aji. Yara suka riƙa zagaye ta kowace safiya, har ranar da suka tarar da sauro biyu suna shawagi a saman ruwan. A makon nan wasu suka zo suna ba ni labarin sun kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi a gidajensu. Bidiyon ban ma kunna shi ba. An koya mana cewa Piaget, masanin yadda tunanin yara ke bunƙasa, ya ce yaro tsakanin shekara 7 zuwa 11 yana fahimta ne ta abin da zai taɓa ya jujjuya, kuma sai a ajin nan na ga gaskiyar maganar. Rabe-raben lissafi da karan dawa muka yi shi, tsirowar iri da wake a gwangwanin madara, ƙidaya da murafen kwalba. Ƙa'idar da na tsayar wa kaina ita ce, duk abin da ke cikin ƙauyen ko za a iya ɗauko shi a hannu, ba na haska hotonsa. Majigi na abin da ya yi nisa ne, ko ya yi girma, ko ya ɓuya a cikin jiki.

Babban ciwon ajin kuwa majigi bai taɓa shi ba ko kaɗan, wato karatu. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, ya nuna kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da tushen iya karatu. Da na zauna da yaran ajina ɗaya bayan ɗaya a gindin darbejiya da katin haruffa da ɗan gajeren labari na Hausa, sai na ga wannan adadi da fuskoki. Wasu ba su gama sanin baƙaƙe ba, wasu suna haɗa gaɓa amma kalma na gagarar su, kaɗan ne ke karanta labarin. Hoto ɗaya a bango yana tafiya da sauri ɗaya ga kowa, ba ya jiran na baya, ba ya kuma ƙara wa na gaba.

Na kai wa hedimasta wannan damuwa, dattijo ne da ya fara aiki da tsohuwar takardar malanta ta Grade II kuma yana dab da ritaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kai ba ka yi makarantar allo ba?" Na ce, "Na yi, ranka ya daɗe." Ya ce, "To, ka taɓa ganin an wanke wa yaro allo bai biya ba?" Wannan tambaya ta fi mini lacca guda amfani. A tsangaya yara hamsin na iya zama a gaban malam ɗaya, amma kowa da inda yake: wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa a izu. Kowa sai ya zo ya biya a gaban malam shi kaɗai kafin a yi masa ƙari, manyan ɗalibai kuma suna biya wa ƙanana. Abin da hanyar koyarwa daidai da matakin yaro ke cewa ke nan, wadda ƙungiyar Pratham ta fara a Indiya, aka kuma gwada ta a jihar Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA na inganta karatu da lissafi: a gwada kowane yaro, a raba su rukuni bisa abin da suka iya ba bisa shekaru ko aji ba, a ɗaga yaro idan ya ƙware. Da izinin hedimasta na ware minti 40 kowace safiya na raba ajin gida uku, masu iya karatu suna taimaka wa 'yan baƙaƙe. Kayan aikinmu kwali ne da maka da ƙasar tsakar makaranta da ake rubutu a kai da tsinke. Zuwa ƙarshen zango, yara 14 da na tarar ba sa haɗa gaɓa suna karanta gajerun kalmomi, kuma da a ce ba lokacin kaka ba ne, da ake ɗebe su zuwa roron gyaɗa da yankan riɗi, da sun fi haka. Kuɗin kwali da maka na zangon gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin majigin ba.

Da dare kuwa majigin wani abu ne daban, domin duhu kyauta ne kuma iska na kaɗawa. Sau biyu mai unguwa ya ba mu izini muka rataya yadin a jikin katangar ƙofar gidansa, muka nuna wa iyaye hotunan 'ya'yansu suna aiki a aji, da hotunan kogin nan. Wani tsoho da ya haura shekara saba'in ya matso kusa da ni ya ce, "Yaro, ai wannan majigi ne." Na ce, "Shi ne, Baba." Ya ba ni labarin yadda a ƙuruciyarsa motar gwamnati ke zuwa ƙofar gidan hakimi da dare, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake tsabtace rijiya da yadda ake shuka gyaɗa da auduga, kuma kullum akwai mutum a tsaye da lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani. Ya ce in mai bayanin ya iya baki, washegari zancen ake yi a kasuwa, in bai iya ba kowa ya watse da dariyar hotuna kawai. Bayan daren farko iyaye mata uku suka aiko a tambaya ko 'ya'yansu mata da suka daina zuwa za su iya komawa. Matasa sun nemi a riƙa saka musu fim da ƙwallo, muka ba su haƙuri, domin na tabbata in aka fara, yaran za su shigo aji da safe suna jiran irin wannan kallon.

Game da ƙarko, shakkata tana da yawa. Da hunturu ya shigo a ƙarshen Nuwamba, fankar ta riƙa zuƙar ƙura, har wani ɗigo mai duhu ya bayyana a kusurwar hoton wanda gogewa daga waje ba ta cire shi. Kafar cajin ta yi sako-sako, sai an tokare wayar da dutse kafin ta zauna, in yaro ya taɓa tebur kuma sai ya mutu a fara daga farko. Zoben daidaita hoto ba ya washe tsakiya da gefe a lokaci ɗaya. Mai gyaran waya da na kai wa a gari ya gyara kafar cajin, amma ya ce in fitilar ko gilashin ciki ya lalace babu kayan canji, sai dai a sayi wani. Ajiye shi a cikin leda mai zif da kuma barin fankar ta huce kafin a rufe shi sun taimaka.

Ga ƙannena masu tambaya, ba na ba ɗalibi ɗaya shawarar ya cire wannan kuɗi daga aljihunsa. In kuɗin ke nan gare ka, ka sayi kwali da maka da 'yan littattafan labarai na Hausa masu manyan haruffa, in da saura ka ƙara da ƙaramar lasifika mai caji don waƙoƙin haruffa. In kuwa ku uku ne ko huɗu a makaranta ɗaya, ko kwamitin makaranta ne zai saya wa malamai duka, to yana da amfani ga darussan kimiyya da sanin ƙasa, sau ɗaya ko biyu a mako. A shago ku nemi a kunna shi a bakin ƙofa inda haske yake, ba a lungu ba. Ku tafi da filash ɗinku mai hoton rubutu da ƙ da ɗ da ɓ, ku ja da baya taku goma ku gani ko kuna rarrabe su. Ku buɗe takardar ciki ku nemi ainihin adadin ɗigon hoton, in akwai mai 800 da 480 da ke karɓar fawa bank, ƙarin kuɗin ya cancanta. Ku gwada shi da fawa bank ɗin da za ku yi aiki da shi, domin wasu ba sa ba da amfiya 2 da yake buƙata, sai ya riƙa mutuwa yana kamawa.

Namu mun bar shi a makarantar a hannun malamar da ke koyar da kimiyya a aji biyar da shida, tare da yadin da filash mai ɗauke da hotuna 12 na kogin da sauran abin da muka tara, bayan mun zauna da ita yamma biyu tana gwada tsayarwa da tambaya. Fawa bank ɗin na abokina ne, ya tafi da abinsa, hedimasta ya ce zai kai maganar sayen wani gaban kwamitin makaranta a zamansu na farkon zango.